Jiƙon Shawara

Ƙanena dako yake yi a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Kwandon tumatir ba wasa ba ne, shi ya sa in ya tashi aiki sai ya watsa ƙwayoyin ciwon jiki a baki kamar gyaɗa, ya kora da agbo, jiƙon nan na Yarabawa. Na yi faɗa har na gaji. Ranar da ya shigo ɗakina a Agege idanunsa ruwan ɗorawa, maƙwabta suka ce ai shawara ce, kowa ya kawo nasa jiƙon, aka yi ta ɗura masa. Sai da ya daina gane ni muka cicciɓe shi zuwa asibiti, wajen Idi-Araba.

Likitar Bayarabiya ce, ni kuma na daɗe a Legas, ina jin yaren. Ta ce magunguna ne suka ƙone masa hanta, amma hanta tana sake toho. Ƙananan ƙwayoyinta da suka tsira sukan kumbura, su rage aikin tace jini, su koma kamar jarirai, su yi ta rabuwa biyu har su cike gurbin matattun, sannan su girma su kama aiki. Kafin nan ba su da ƙarfi. In aka ƙara masa jiƙo, tabo ne zai fito inda ake jiran tsoka, ko ma a rasa shi gaba ɗaya.

Shi ke nan na koma mai gadi. Abokan aikinsa su zo dubiya da gorar jiƙo, in karɓa hannu biyu, in yi godiya, in zaga in juye a kwata. Wallahi tsoro ya hana ni cin abinci. Kullum ina gwale masa ido, ina neman fari ko ɗan ƙanƙani. Ya fara gane ni, har ya nemi kunu.

Sai ga Inna daga ƙauye, da gorar sassaƙe a ƙunshe cikin zani.

"Inna, don girman Allah ki ajiye. Likita ta hana."

"Ke tafi can! Da wannan na raine ku. Ni zan kashe ɗana?"

Na durƙusa na riƙe ƙafarta ina kuka. Ta ajiye gorar, na ɗauka ta ji.

Na fita alwalar la'asar. Da na dawo, gefen bakinsa ya yi baƙi, ɗaki sai warin sassaƙe. Na ɗora hannu a ka.

"Yaya," ya ce da ƙyar, "Inna ce fa ta miƙo mini. Ta yaya zan ce mata a'a?"