Katin Matar Kawu

Shekarun baya, lokacin na gama bautar ƙasa ina zaune a gida a unguwar Gamboru ina jiran aikin da ya ƙi zuwa, mahaifiyata ta yi mini wani aike da har yau ban manta ba.

Mu asalinmu makiyaya ne. Mahaifina ya daɗe da shigowa gari yana dillancin shanu, amma kawuna, yayan mahaifiyata, ya ƙi barin ƙauye. Mutum ne da a da idan garkensa ya nufi mashaya sai an ba shi hanya. Fitinar 'yan ta'adda da aka yi a yankinmu ta raba shi da komai. Ya zauna a wajenmu na wani lokaci, da ƙura ta lafa ya kwashi iyalinsa ya koma ƙauye ba shi da ko ɗan maraƙi. Ya kama noma, sana'ar da bai ƙware a kanta ba.

Sai wata ƙungiya ta shiga ƙauyen tana ba gidajen da ba su da ƙarfi tallafin kuɗi kai tsaye. Ba buhun shinkafa ake rabawa ba, kuɗi ne a kati, a je garin da ke kusa ranar kasuwa a cire, kowa ya sayi abin da ya fi damunsa. Sai dai sunan uwargida suke sawa a katin. Matar Kawu ta samu lokacin shi yana gona. Da ya dawo ya ji, ya karɓe katin ya zura a aljihu, ya ce ba a gidansa ba.

Wata maƙwabciyarsu da ta kawo busasshen kifi kasuwar Baga Road ce ta biyo ta gidanmu da labarin. Ta ce rumbunsu ya kusa ƙarewa, damina ba ta faɗi ba, yara sun fara ramewa. Kuma masu tallafin sun ce duk gidan da bai je ya cire kuɗinsa ba, za a ba wani gida gurbinsa.

Mahaifiyata ta dube ni ta ce, "Kai za ka je. Idan ni na je faɗa za mu yi, tun muna yara ba ya jin maganata."

Na ce, "Umma, karatun da na yi ba na shawo kan Kawu ba ne."

Ta ce, "To na mene ne? Ga ka nan zaune."

Sai na fara shiri. Wanda ya san ni ya san ba na taka ƙasa sai na duba ta. Na karanta duk abin da na samu a waya a kan irin wannan tallafi, na tambayi wani abokina ko ba damfara ba ce, na sake tambayarsa har ya daina ɗaukar kirana. A cikin mota ina ta maimaita hujjojina kamar mai shiga jarrabawa.

Na tarar da Kawu a gindin bishiya yana gyara ƙotar fartanya. Yana hango ni ya ce, "A'a, Malam mai digiri! An sami aikin ne, ko tuwon ƙauye aka zo ci?"

Muka gaisa, ya tambayi mutanen gari ɗaya bayan ɗaya. Sannan na gyara zama na ce, "Kawu, a fahimtata, ko da yake ban tabbatar ba, wannan tallafi wataƙila ba za a kira shi sadaka ba, domin akwai yiwuwar..."

Ya ajiye fartanyar. "Ɗana, faɗa mini magana ɗaya da babu wataƙila a cikinta, in saurare ka."

Nan take duk hujjojin suka watse.

Shi ya ci gaba. "Kada ka ɗauka kuɗin nake ƙi. Halin da nake ciki bai bar mini wannan girman kan ba. Da a hannuna suka sa, da na karɓa na gode wa Allah. Amma su shigo gidana su tsallake ni su miƙa wa matata? Ai sun shelanta wa ƙauyen nan cewa na kasa ciyar da iyalina."

Gaskiya na tausaya masa, har na fara tunanin yadda zan gaya wa mahaifiyata na kasa. Ana cikin haka matarsa, wadda nake kira Inna, ta fito da kunu ta ajiye a gabana. Ta ce, "Ka yi haƙuri ɗana, sai dai ka sha haka. Da can ne baƙo ba ya barin gidan nan bai sha kindirmo ba."

Maganarta ce ta jawo tambayar, ban shirya ta daga gida ba. Na ce, "Kawu, lokacin da kake da shanu, wa ke kai nono kasuwa?"

"Ita mana."

"Kuɗin fa, kai take kawo wa?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Kuɗin nono na mace ne. Namiji mai mutunci ba ya leƙa ƙwaryar matarsa."

Inna tana tsaye a bakin ƙofa ta ce, "Da shi nake sayen gishiri da kanwa da sabulu. Idan gero ya yanke in auno, idan yaro ya kwanta in sayo magani. Bai taɓa tambayata ba."

Na ce, "To Kawu, a lokacin ai ba wanda ya ce ka kasa ciyar da gidanka."

Ya sake ɗaukar fartanyar yana jujjuya ta. Can ya ce, "Wancan nonon shanuna ne."

Nan kam ya kama ni. Inna ce ta amsa, a hankali, idonta a ƙasa. "Shanun naka ne, Malam. Amma kuɗin cefane bai taɓa biyowa ta hannunka ba. Su sun tafi, yaran suna nan, kuma ni suke kallo idan rana ta yi."

Kawu ya miƙe ya ɗauki buta ya tafi sallar la'asar. Bai sake ɗaga zancen ba, ni ma ban yi gigin tayar da shi ba. Na kwana ina zargin kaina da yi wa babba rashin kunya.

Da safe Inna ta je ɗaukar ƙwaryarta, sai ta ga katin a kan faifan da ta rufe ta da shi. Kawu yana shirin fita gona ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, "Ranar kasuwa ka raka ta. Ka sa wannan digirin naka ya yi amfani, kada a cuce ta wajen cirewa."

Na raka ta. Gero ta fara saya, sai maganin zazzaɓi, sai irin wake na shuka. A watannin da suka biyo baya ta riƙa rage wani abu tana ajiyewa har ya kai kuɗin akuya. Ranar sayen, Kawu ya ce ba za a kawo masa dabbar banza gida ba, shi zai zaɓa. An ce sai da ya buɗe bakin kusan kowace akuya a kasuwar yana duba haƙora, masu sayarwa suna ta Allah-Allah ya wuce.

Tallafin ya ƙare bayan wani lokaci. Ba zan ce ya mai da su masu arziki ba, shanu ba su dawo ba, kuma ban san yadda ya kaya a wasu gidajen ba. Abin da na gani da idona kaɗai zan iya tsayawa a kansa. Sun ƙetare wannan damina ba su sayar da gonarsu ba, akuyar ta hayayyafa, yaran sun murmure. Na kuma fahimci cewa Inna ta fi kowace ƙungiya sanin abin da gidanta ke buƙata da farko, shi ya sa kuɗi a hannu ya yi mata aikin da buhu ba zai yi ba. Amma da ba a sami hanyar da kuɗin zai shiga gidan ba tare da ya taka maigidan ba, da ba su ci ko ƙwayar gero daga cikinsa ba.

Daga baya na ji wani maƙwabci ya so ya tsokane shi a majalisa, ya ce, "Ashe kai ma matarka na karɓar na kati?"

Kawu ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Je ka tambaye ta. Ni ba na shiga harkar kuɗin mata."