Fansar Takalmin Kaka

Har yau in na ji warin sabuwar jima, wadda bagaruwa ba ta gama sakin fatar ba, sai gabana ya faɗi. Shekaranjiya jikanyata ta kawo mini takalmin fata daga kasuwa. Tana buɗe leda na ce ta ajiye shi can tukuna. Ta ɗauka raina kyautarta na yi. Ba haka ba ne, takalmin kakana na tuna, kuma yau zan gaya muku abin da na yi masa.

Kakana na wajen uba fataucin shanu ya yi tun yana saurayi. Da ƙafa yake kora su daga Sakkwato har ƙasar Yarabawa, kuma tafiyar ce ta ci ƙafarsa ta dama. Ƙashin gindin babban yatsa ya turo waje kamar ƙwan zabuwa, yatsan kuma ya karkace ya hau na kusa da shi. Wanzami ya yi tsaga, ya yi ƙaho, an ɗaura ganye iri-iri, duk a banza. Har ta kai masallacin Juma'a ma sai a kan jaki yake zuwa. Wannan ya fi ciwon ci masa rai, mutumin da ya taka rabin duniya da ƙafarsa.

Lokacin Nasara ba su tafi ba tukuna, mutane tsoron asibitinsu suke yi. Da ya ce zai je, abokan zamansa na zaure suka yi masa caa. Ɗaya ya ce, "Wallahi ƙahwar za su datse ma gaba ɗai." Ya tafi abinsa. Likita ya shaƙa masa maganin barci, ya tsaga wurin, ya rage ƙashin, ya miƙar da yatsan ya ɗinke. Bayan kwanaki aka dawo da shi, ƙafar a naɗe da farin ƙyalle, tana wani wari da ban taɓa ji ba.

Bazara ta kama yana jinya. A rumfar tsakar gida yake wuni, ƙafar a kan kifaffen akushi, salla daga zaune. Wurin ɗinkin yakan yi masa ƙaiƙayi har ya ciji leɓe, ga shi an hana shi sosawa. Ni ce mai korar ƙuda da mafici. Ba na jin na wuce shekara bakwai, kuma ni ce amaryarsa. Kun san wasan kaka da jika. Ina ce masa tsohon miji mai ƙafa ɗaya, yana ce mini amaryar da ba ta iya dama fura ba. Babban wasanmu shi ne ɓuya. In ɗauke hularsa ko carbinsa in ɓoye, ya yi ta dube-duben ƙarya, sannan ya zaro kilishi daga aljihu ya ce ga fansa. Babana mahauci ne, kilishi ba ya yankewa a aljihun Kaka. Ban taɓa ɓoye abu ya wuce ɗan lokaci ba a fanshe shi ba.

Likita ya gargaɗe shi ta bakin tafinta cewa kada ya kuskura ya sa takalmi mai matsi. Don haka da ɗinkin ya kama, aka kira baduku. Ya ɗora ƙafar a kan fata ya zagaye ta da gawayi, ya je ya ɗinko wari ɗaya tak, na jar fata, mai faɗin baki, gefen yatsan a buɗe, cikinsa an shimfiɗa auduga. Ran Alhamis aka kawo shi. Kaka ya saka, ya taka daga rumfa zuwa zaure ya dawo yana dariya. Ya ce gobe da ƙafarsa zai je Juma'a, masu cewa Nasara sun gurgunta shi su gani da idonsu.

Da safe yana wanka na ga takalmin a bakin tabarma. Ni dai abin da na lissafa shi ne abu sabo fansarsa ta fi ta hula girma. Na ɗauke shi na cusa ƙarƙashin wani tsohon turmi da aka kife a bayan madafa. Ban ko zauna ba Inna ta aike ni da fura gidan goggona, can wata unguwa. Na tarar da 'ya'yanta suna carafke, na zauna. Wallahi mantawa na yi, sai da aka sauko Juma'a na kamo hanyar gida.

Daga baya na ji yadda aka yi. An birkice gidan nan ana nema. Babana ya ce ya hau jaki, ko ya bari sai wata Juma'ar. Ya ƙi, don ya riga ya faɗa a zaure. Yashin Sakkwato da rana tsaka a bazara ba ya takuwa da ƙafa tsirara, sai ya tura ƙafar cikin tsohon sau-cikinsa. Ya isa masallaci, ya samu sahu. A dawowa mutum biyu suka riƙo shi. Ina shiga gida na ga babana a tsugune yana farke sau-cikin da wuƙarsa ta fawa, jini ya cika shi.

Aka ɗora wa karen maƙwabta laifi, wai ƙanshin fata ya ja shi. Ina tsaye ana faɗa, ban ce uffan ba. Ciwon ya yi ruwa, zazzaɓi ya rufe shi, aka sake kai shi asibiti. Ya warke, amma yatsan ya sandare ya ɗaga sama, na kusa da shi ya lanƙwashe, farcen ya fita bai sake tsirowa daidai ba. Ina jin abokansa a zaure suna cewa, "Ai mun hwaɗa ma, aikin Nasara ke nan." Yana ji bai musa ba. Ni kuwa ko kallon bayan madafa ba na iya yi.

Wata rana da hantsi, mata sun tafi barka, ya kira ni rumfa. Ya sa hannu aljihu ya zaro kilishi, babba, wanda bai taɓa ba ni irinsa ba.

"Amarya, ga hwansa. Tai ki ɗauko."

Ashe tun ranar ya sani. Na je na ɗaga turmin, takalmin na nan da ƙanshinsa. Ya gwada, ƙafar ta ƙi shiga. Ya juya shi a hannu ya ce, "Badukun ga ya yi rowar hwata." Na fashe da kuka. Ya ce, "Mi a' na kuka? Ci abinki, kar innarki ta ji." Kuma na ci. Ina kuka ina ci har na cinye, wannan ne yake ba ni kunya har yau.

Ya ƙara shekara huɗu a duniya, kowace Juma'a a kan jaki. Bai gaya wa kowa ba. Ni ma ban taɓa buɗe baki na ce ya yafe mini ba. Da farko tsoro, daga baya kunya, daga baya kuma sai babu shi.

Yanzu ga shi nawa yatsan ya bi sahun nasa, gado ne. 'Ya'yana suna ta cewa in je a gyara, wai aikin yini ɗaya ne, mota har ƙofar gida. Inda nake zaune a Mabera, da can daji ne da muke jin tsoronsa. Jikokina ba su san fansa ba, in sun ɗauki abu wayar uwarsu ce. Komai ya yi sauƙi, ban da wannan. Duk Juma'a in ladan ya yi kiran farko, lokacin da na san ana birkice gidanmu ina can ina carafke, sai in ji bakina yana motsi shi kaɗai. Kaka, yana ƙarƙashin turmi.