Tifar Timoti da Fadamar Lizzy

Timoti ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka babu mai hana ni faɗin halinsa. Tun yana saurayi ya baro Billiri ya shigo Gombe ya kama tuƙin tifa, kuma har gemunsa ya yi fari bai sauya sana'a ba. Rabin gidajen layinmu a Hammadu Kafi da yashin da ya kwaso aka gina su. Ba ya sha, ba ya faɗa, ranar Lahadi shi ne farkon shiga coci. Aibinsa ɗaya ne, bakinsa ba ya iya furta "ban gane ba". Ko kashe shi za ka yi, sai dai ya gyaɗa maka kai.

'Yarsa Lizzy ce ta yi karatu mai zurfi a gidanmu. Sunan uwarmu Elizabet ta ci, shi ya sa yake kiranta Mamana. Tana koyarwa a jami'a, tana kuma neman digirin dakta a kan ƙasar fadama. Ni dai iya abin da na fahimta, akwai wata 'yar fadama a bayan gari inda ta kakkafa dogayen bututun roba cikin ƙasa, kawunansu a waje. Duk mako sai ta je ta zura igiya ta auna inda ruwa ya tsaya a ƙarƙashi, ta ɗebo laka a leda. Ta ce fadamar ce ke shanye ruwan sama kafin ya gangaro kan gidajen mutane, kuma so take ta nuna wa hukuma haka da hujja. Damina bayan damina tana wannan awo, saura ɗaya tak ta kammala.

Sau nawa ta ce masa, "Baba, ka zo ka ga wurin aikina mana." Sai ya ce, "To Mamana, in na samu sarari." Sararin yana da shi fa! Tsoro yake ji kada ta yi masa bayani a gaban ɗalibanta ya rasa abin cewa. Haka ya yi ta noƙewa, ko hanyar wurin bai sani ba.

Da rani Lizzy ta tafi wani taro a Jos. Ashe mai filin ya sayar ba tare da ya sanar da ita ba, wanda ya saya kuma shaguna yake son ginawa, sai ya nemi tifofi a yi masa ciko. Timoti da yake shi ne dattijo a tasharsu, shi ya fara kai jar ƙasa. Ya ga fararen bututu a cikin ciyawa, ya ɗauka alamar masu yanka fuloti ce. Har tsayawa ya yi yana nuna wa sauran direbobi inda za su juye. Da suka gama, katafila ta bi ta danne.

Ina gidansu ranar da Lizzy ta dawo daga wurin. Ko sallama ba ta yi ba, ta faɗo jikina tana cewa, "Goggo, sun binne mini komai." Uwarta ta tambaye ta a ina ne ma wurin. Ta ce bayan tsohon lambun mangwaro, daga an wuce kwalbati. Wallahi a kan idona hannun Timoti ya tsaya cak a cikin kwanon tuwo.

Sai ta durƙusa a gabansa. "Baba, babu direban tifa a garin nan da ba ka sani ba. Don Allah ka gano mini wanda ya yi. Ba ƙararsa zan kai ba, so nake kawai in tambaye shi, bai ga bututun ba ne?"

Ya ce, "To."

Washegari sai ga shi a rumfata a Kasuwar Gombe, inda nake sayar da wake. Ya zauna a kan buhu, ya cire hula, ya ce, "Adda, ni ne." Kai, raina ya ɓaci! Na ce, "Timoti, kai wane irin uba ne? Yarinya ta yi ta roƙonka ka taka ka gani, ka ƙi, yau ga shi ka je da ƙafarka." Na yi masa tas, maƙwabtan rumfa har suna leƙowa, sai ni ma kunya ta rufe ni. Ya ce ba zai iya faɗa mata ba. Na ce in bai faɗa ba ni zan faɗa, ya zaɓa.

Ranar Asabar da safe ya ce mu shiga mota ni da Lizzy, ya samo direban. Muka hau gaban tifa, ya ja mu har inda fadamar take a da. Fili ne ja shimfiɗe, babu ciyawa, babu alamar an taɓa ganin ruwa. Lizzy ta waiwaya tana neman mutumin. Timoti ya sauko da shebur daga bayan mota, ya nufi wani wuri kai tsaye kamar wanda ya ajiye abu, ya fara tono.

Ta daɗe tana kallonsa. Daga nan ta kalle ni, ni kuwa na sunkuyar da kai.

Ya yi ta tono, gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf, har ya zaro bututu guda, a lanƙwashe, cike da jar ƙasa. Ya riƙe shi da hannu biyu ya ce, "Mamana, in na tone su duka fa? Ni kaɗai zan yi, ko wata nawa zai ɗauka."

Ta ce, "Baba, ƙasar ta riga ta dannu. Ko an tone, ruwan ba zai zauna yadda yake zama ba." Ta karɓi shebur ɗin daga hannunsa, ta ce rana ta yi zafi, mu koma gida.

Yanzu wata fadama take zuwa can wajen Dadin Kowa, ta sake kafa bututu, ta faro awo daga farko. Waɗanda suka fara karatu tare da ita duk an yi bikinsu. Har yau ita ke kai masa abinci, tana durƙusawa ta gaishe shi, ba ta taɓa ɗaga maganar ba. Shi kuwa ba ya iya haɗa ido da ita. Jiya ya sake zuwa rumfata ya zauna a kan buhu, ya ce, "Adda, da ma ta zage ni."