Kamun Ƙafar Yaya Datti

Yaya Datti wana ne, ciki ɗaya muka fito, saboda haka abin da zan faɗa a kansa ba tsegumi ba ne, da idona na gani. Tun muna yara a Gwammaja shi mutum ne mai son a ce shi ne. A firamare monita, a sakandare shugaban ɗalibai, kuma ban taɓa jin ranar da aka zaɓe shi ba. Kullum dai akwai wani malami da yake bi gida ya gaisar da yamma. Mahaifiyarmu takan ce Datti ko layin kunu ya tarar sai ya leƙa ya ga wa ya sani a gaba. A lokacin dariya muke yi.

Ya zo Kuala Lumpur karatun digiri na uku da tallafin gwamnati, ya gama, bai koma ba. Wata kwaleji mai zaman kanta a unguwar Setapak ta ɗauke shi koyarwa, kuma abin da yake koyarwa, don Allah ku ji, darasin shugabanci ne. Ba mugu ba ne, kar in ɗauki alhakinsa. Duk ɗalibin da ya sauka daga gida bai san gabas ba bai san yamma ba, Dokta Datti ne zai je filin jirgi ya ɗauko shi, ya nema masa ɗaki, ya nuna masa kedai, wato kantin da ake samun garin tuwo. Ni kaina da na zo ƙaro karatun jinya a gidansa na fara sauka, kafin in kama ɗaki a benen da ke kallon nasu. Matsalarsa ɗaya ce: bai yarda akwai abin da mutum ke samu ba tare da an sa masa baki ba. Ko likita zai gani sai ya nemi wanda ya san likitan.

'Yarsa ta fari Kausar tana goye aka zo da ita, a nan ta girma. Ka yi mata Hausa ta ba ka amsa da Turanci, ta ƙarasa da lah, kalmar da 'yan garin ke liƙa wa ƙarshen magana. Da farko yarinyar nan malalaciya ce ta bugawa a jarida, kwanon da ta ci abinci ma sai an yi faɗa take ɗaukewa. Sai ta shiga ƙungiyar kadet ta sojan ruwa a makarantarsu, wata sakandare mai zaman kanta. Ba sojoji ba ne, 'yan makaranta ne ake sa wa fararen kaya ana koya musu fareti da iyo da ƙulla igiya da tuƙa kwalekwale. Mai horar da 'yan matan wata tsohuwar sojar ruwa ce, suna ce mata Cikgu Rosnah, wato Malama Rosnah. Gajeruwa ce, ba ta ɗaga murya, amma yaran ko tari ta yi sai sun miƙe.

Cikin shekara guda Kausar ta zama wata daban. Ita ke yi wa kayanta guga, ita ke goge takalminta, har ta fara yi wa uwarta gyara a kan ninkin zanin gado. Abin da ya fi burge ni shi ne karatu. Cikgu Rosnah tana da doka: an raba su rukuni-rukuni, idan yarinya ɗaya ta faɗi jarrabawar aji, duk rukuninta ba mai zuwa sansanin horo. To, sai ya zama karatun kowa ya shafi kowa. Kausar ta koyi yanka darasi ƙanana, ta karanta, ta rufe littafi ta faɗa da ka, sannan ta nemi wadda za ta koya wa. Ta ce abin da ba ka iya koya wa wani ba, ba ka iya shi ba. Ranar Lahadi takan tara 'yan rukuninta a shagon mamak, wato shagon abincin Indiyawa Musulmi, da ke ƙasan benensu, da Mei Yin da Priya da Aisyah da sauran, su yi odar roti, irin gurasarsu, da shayi su mamaye tebur biyu suna lissafi. Mai shagon har ya daina damuwa da su.

A ƙarshen shekara kowane rukuni yana zaɓen shugabarsa. Yaran ne ke zaɓa da kansu, ba malamai ba. Kausar tana son muƙamin nan ƙwarai. Ba ta faɗa, amma duk wanda ya ga yadda take tsayawa gaban madubi tana gwada ba da umarni ya san inda zuciyarta take.

Ina gidan ranar da maganar ta faɗo kunnen ubanta. Muna cin tuwo ta ce zaɓe saura mako biyu.

"Wa ke yanke hukunci?" in ji Yaya Datti.

"Mu ne, Abba. 'Yan rukuni."

"'Yan Najeriya nawa ne a ciki?"

"Ni kaɗai ce lah."

Ya gyaɗa kai ya ci gaba da cin tuwonsa. Na san gyaɗa kan nan tun ina 'yar firamare. Da ta tashi na ce masa, "Yaya, don girman Allah ka bar yarinyar nan ta yi abinta."

Ya ce, "Murja, ke baƙuwa ce a garin nan. Masu gida nawa ne suka ce min boleh, ba matsala, a waya, da suka ga fuskata suka ce ɗaki ya kamu? Kina ganin 'ya'yansu za su tsallake nasu su zaɓi baƙar fata?"

Maganar masu gida gaskiya ce, ni ma an yi min. Amma na ce masa bai san yaran nan ba, bai taɓa zama ya ga yadda suke da ita ba. Ya ce ai Allah ya ce tashi in taimake ka. Na ce ai ita ta tashi, shi ne ya kamata ya zauna. Ya ce min fitsararriya, muka rabu a haka.

Bai faɗa wa kowa ba. Ya saka babbar riga a cikin zafin nan mai maiƙo, ya ɗauki kwalbar turare da ƙullin kilishi da aka aiko masa daga gida, ya nufi ofishin shugaban makarantar. Shi kuwa shugaban ya san iyalai nawa 'yan Najeriya suka kawo 'ya'yansu da shawarar Dokta Datti, ba zai so ɓacin ransa ba. Ranar Litinin aka tara yara aka ce bana rukunin su Kausar ba zai yi zaɓe ba, makaranta ta naɗa ta, wai don a nuna ana tafiya da 'yan kowace ƙasa. Yaran ba wawaye ba ne. Rabin makarantar sun ga babbar riga ta shiga ofis.

Da la'asar sai ga ta a ɗakina da kayan makaranta a jikinta. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta zauna a ƙasa ta jingina da gado ta ce, da Hausarta mai tsalle-tsalle, "Gwaggo, ashe ni za su zaɓa. Mei Yin ta faɗa min. Tun watan jiya suka gama magana, dukkansu. Suna ɓoye min ne don su ba ni mamaki."

Ta ce yanzu Priya ta ɗauke jakarta daga teburinsu, Aisyah kuma tana gaishe ta kamar yadda ake gaida malama. Ta je wurin Cikgu Rosnah ta ce ba ta so, a mayar da zaɓe. Matar ta ce ta yi magana an ce mata hukunci ya fi ƙarfinta, amma idan Kausar ta ajiye da kanta a gaban kowa, ita za ta tsaya mata.

Da ta faɗa wa ubanta haka, gidan ya kama da wuta. Ya ce ya zubar da girmansa ya je ya roƙa, yanzu ta mayar da shi ƙaramin mutum a idon shugaban makaranta? Ya ce in dai shi ya haife ta, ba za ta ajiye ba. Kun san nauyin wannan magana a wurin 'yar da aka yi wa tarbiyya, ko da a bayan duniya ta girma. Uwarta Halimatu ta ce ta yi haƙuri ta bi. Ni na shiga na faɗa masa cewa ita za su zaɓa tun farko. Wallahi ko gezau bai yi ba. Ya ce, "To ai kin ga, abin da za a ba ta ne na karɓo mata da wuri. Ina laifi?" Ban taɓa jin ƙyamar maganar ɗan'uwana irin ta ranar ba. Mutumin da ake biya ya koyar da shugabanci, bai san bambancin abin da aka ba ka da abin da aka ƙwato maka ba. A daren ma ya sa hotonta ya zagaye duk zaurukan waya na 'yan Najeriya, da rubutu a ƙasa wai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Lahadin da ta biyo baya ta sauka shagon mamak da littattafanta. Ta taga nake hango ta. Ta yi odar shayi, ta zauna har ya huce, babu wadda ta zo. Ta yi tapau, wato aka ƙunshe mata rotin, ta hau sama.

Aka zo ranar faretin ƙarshen shekara, a bakin wani tafki da ke wajen gari. Da safe kafin mu shiga mota ta miƙo min leda ta ce in saka a jakata, kar Abba ya gani. Na leƙa, tawul ne da wasu kayan sawa da hijabi. Na tambaye ta na mene ne, ta ce in an yi sa'a zan gani.

Faretin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Kausar ta tsaya a gaban rukuninta cikin fararen kaya, ta ba da umarni da Malayanci, muryarta ba ta yi rawa ba. Yaran suka bi ta daidai, ƙafa ɗaya, hannu ɗaya, babu kuskure ko guda. Ba su kunyata ta ba, Cikgu Rosnah ba ta koya musu haka ba. Yaya Datti yana tsaye da waya a sama yana ɗauka, yana faɗa wa duk wanda ke kusa cewa 'yarsa ce.

Da aka sallami fareti sai wuri ya kaure da ihu. Na ga wani rukuni sun yi kan shugabarsu, sun ɗaga ta sama, sun ruga da ita bakin ruwa sun jefa ta da kayanta da komai. Wani rukunin ma haka, samarin ma haka. Na tsorata, sai wata mata da ke kusa da ni ta yi dariya ta ce al'adarsu ce, duk shugabar da yara suka yarda da ita sai sun tsoma ta a ruwa. Shugabannin suna fitowa sharkaf, suna tari suna dariya, ana rungume su.

Kausar ta taka har bakin tafkin ta tsaya. Ta cire hularta ta riƙe a hannu, ta juya wa rukuninta baya don su sami sauƙin ɗaukarta. 'Yan matan suna tsaye a inda aka sallame su. Na ga Mei Yin ta ɗaga ƙafa kamar za ta zo, ta dubi sauran, ta fasa. Daga nan suka ƙame, suka sara mata gaba ɗaya, suka watse kowacce ta nufi iyayenta. Kausar ta daɗe a tsaye a wurin, ita kaɗai ce mai busassun kaya a cikin shugabannin.

Yaya Datti ya taɓo ni da gwiwar hannu, fuskarsa cike da murna. Ya ce, "Kin gani ko, Murja? Duk an wulaƙanta sauran, ita ko taɓa ta ba su iya yi ba. Wannan shi ake kira kwarjini."

Na san in na buɗe baki a wurin sai an ji mu a ƙetaren tafkin. Na taka na sami Kausar, hannuna a cikin jaka kan tawul ɗin. Ta dubi jakar, ta mayar da hularta ta gyara mata zama.

"Bar shi a ciki, Gwaggo," ta ce. "Mu je gida."