Karan Awo da Gidan Agogon Mota

A wata safiya bayan girbin dawa na shekarar 1998, mahaifina ya tsuguna a ƙofar gidanmu da ke Damba, cikin Gusau, yana yankan sillen kara da reza. Mahaifiyata ta ce a 1997 ne. Na fi amincewa da nawa lissafin, domin ina aji huɗu na firamare a lokacin, amma na kawo nata don kada in tauye ta. A kan tabarma kusa da shi akwai agogo biyu masu allura, irin waɗanda direbobi ke kira geji: babban yana nuna zafin inji, ƙaramin yana nuna ƙarfin baƙin mai. Ya aza kara a bayan kowane ɗaya, ya yanke daidai faɗinsa, sannan ya miƙo mini guntayen biyu, ya ce in ƙulle su a bakin zanena, in damƙa wa kakana hannu da hannu.

Mahaifina direban motar haya ne, yana bin hanyar Tsafe, wani lokaci ta Bungudu. Agogunan gaban motar sun daɗe da mutuwa, har wata rana injin ya yi zafi dab da Bungudu bai sani ba, sai da hayaƙi ya taso. Bakanike ya samo masa waɗannan biyu na hannu, ya haɗa wayoyinsu, amma babu gurbin da za su zauna, sai lilo suke yi a jikin waya. Shi ya sa ya yanke shawarar a sassaƙa musu gida na itace mai rami biyu, wanda za a kafa a saman gaban mota. Mahaifinsa, Malam Ummaru, masassaƙi ne a 'Yandoto, kuma bai taɓa aiki da rula ba. Duk awon da aka kawo masa, a kara yake zuwa ko a igiya. A shekarun nan sassaƙar turmi ta fara fin ƙarfinsa. Direbobi uku ko huɗu a tasha sun ce idan gidan agogon ya yi kyau su ma za su sa a yi musu, kuma mahaifina yana fatan ƙaramin aiki irin wannan ya riƙe tsohon.

Ni da Inna, ƙanwar mahaifina, muka isa 'Yandoto da hantsi, muka tarar kakana ya tafi jeji neman itace. Gidan cike yake da zangarniyar dawa, mata na sussuka, kaji na bin tsaba a gindin rumbu. Na taya ɗebo ruwa sau biyu, na share wa awaki turke, daga nan 'yan'uwana suka ja ni 'yar gala-gala a bayan gida. A tsalle na uku ko na huɗu na zame na faɗi zaune. Da na kwance bakin zanena, dogon karan yana nan lafiya, gajeren kuwa ya murƙushe. Ban gaya wa kowa ba. Na je jikin darnin da ya kewaye gidan, na zaro sille ɗaya, na yanke shi da wuƙar yankan kuɓewa gwargwadon yadda idona ya tuna.

Da kakana ya dawo, ya zauna a gindin ɗorawa inda yake aiki, ya fara da tsokanar da ya saba, wai amaryarsa 'yar birni ta zo ba ta kawo masa ko goro ba. Na ba shi karan. Ya jujjuya dogon ya ajiye, ya daɗe yana duban gajeren.

"Wanga ma daga Gusau ya hito?"

Na ce e. Bai ƙara tambaya ba. Ya ɗauko guntun aduwa busasshe, ya fere shi da gizago, ya zana da'ira biyu da gawayi, yana juya karan a tsakiyar kowace don ya tabbatar. Kwana biyu ya yi yana rarake ramukan da ƙaramar wuƙa. Ya karkatar da fuskar gidan kaɗan zuwa hagu, domin ya tambayi Inna ɓangaren da direba ke zama. A ƙarshe ya goge shi da yashi, ya shafe shi da man kaɗe har ya yi duhu yana sheƙi.

A Gusau, babban agogon ya shiga raminsa cif, kamar a ciki aka ƙera shi. Ƙaramin kuwa ya zurma ciki gaba ɗaya. Ba zan iya faɗin yawan ratar ba, amma ɗan yatsana yana shiga ta gefe. Mahaifina bai yi faɗa ba. Ya yanko robar tsohon tib na tayar mota ya naɗe agogon har ya kama, ya kafa gidan da kusoshi biyu. Yana wanke hannu na ji ya ce wa mahaifiyata idon Baba ya fara rauni, gara ya tura abokansa wurin kafinta a cikin gari, kada tsohon ya ji kunya. Ina tsaye da buta a hannuna, na ci gaba da zuba masa ruwa.

Mako uku na yi da maganar a cikina. A makaranta, duk lokacin da malamin lissafi ya ce mu fito da rula, sai in tuna da karan nan. Ranar da na ji mahaifina yana cewa washegari zai raka ɗaya daga cikin direbobin wurin kafinta, na same shi yana duba ruwan lagireto, na faɗa masa komai, har da wuƙar kuɓewa. Ya rufe murfin motar a hankali. Bai dake ni ba, ya dai ce in sa mayafina, da bakina zan maimaita a 'Yandoto.

Kakana ya saurare ni yana fere ƙota, bai ɗago ba sai da na gama.

"Ai na san karan darnina, amarya. Ni na dasa shi," ya ce. "Amma ke aka aiko, ke kuma kika ce daga Gusau ya hito."

Mahaifina ya sunkuyar da kai ya ba shi haƙuri kan abin da ya faɗa game da idonsa, maganar da tsohon bai ma ji ba sai a ranar. Kafin damina kakana ya sassaƙa gidajen agogo guda uku. Mahaifiyata ta ce huɗu. Mahaifina da kansa ya riƙa kai awon. An yi masa tayin sabon gidan agogo, ya ce a bar na motarsa yadda yake, da robarsa.

Yanzu na gama jami'a, kuma ana yi mini tsiya a wurin aiki cewa ina auna abu sau uku kafin in rubuta shi. Motocin yau da agogunansu suke zuwa, masu haske da lambobi, kuma babu direban da zai aika kara ƙauye. Kakana ya rasu, motar ma an daɗe da sayar da ita. Gidan agogon yana cikin akwatina, rami ɗaya daidai, ɗaya ya yi faɗi, kuma dukansu bisa awon da aka ba shi ya yi su.