Allon da Ya Ƙi Barin Gidan Kikue

A unguwarmu ta bakin teku, can arewacin lardin Aomori, duk wata sanarwa a allo take yawo. Ranar kwashe shara ce ko rasuwa, sai a maƙala takarda, kowane gida ya karanta, ya buga hatiminsa, ya miƙa wa na gaba, har allon ya dawo hannun shugaban unguwa. Shugabancin karɓa-karɓa ne, kowane gida shekara ɗaya. Kikue Odagiri ta karɓa tana da shekara sittin da tara. Yau tana da saba'in da takwas, kuma har yanzu a ƙofarta allon yake kwana.

Ni maƙwabciyarta ce, kuma da ni a masu laifin. Da gida arba'in ne mu. Aka yi mana sabuwar hanya wai ta kawo mutane, sai yaranmu suka bi ta suka tafi, saura gida bakwai. Da layi ya zo kaina na ce ido ya hana. Tsoho Tsushima ya ce kunne. Kikue ba ta iya ƙarya ba, abin da ya cuce ta ke nan.

Shekara biyar ke nan 'yarta ta gyara mata ɗaki a birnin Sendai, kusa da asibitin da zai duba mata gwiwa. A gabana ta kira ta a waya.

"Mama, ki ajiye musu allon nan ki taho."

"In ajiye a ina? A titi? Kabarin babanki yana nan, da wace fuska zan dawo ziyara?"

A nan ba a barin unguwa sai an miƙa allo hannu da hannu.

Gida na bakwai na wasu mata huɗu ne 'yan Indonesiya, masu aiki a kamfanin sarrafa kifi. Allon tsallake su yake yi. Babbarsu, Wulan, ita ke kwashe wa Tsushima ƙanƙarar ƙofar gida duk hunturu. Kikue ta kawo sunanta a taro, don ta karɓi shugabancin.

"Baƙuwa?" in ji Tsushima. "Ta ma san ranar fitar da kwalabe?"

"Ta fi ka sani, Tsushima. Taka sharar ma ita ke sake warewa," in ji Kikue.

"A dai ga halinta tukuna."

"Kunnen ya warke ke nan," na ce. Bai ji wannan ba.

Shekara uku ana ganin hali. Kikue ta koya wa Wulan rubuta sanarwa, ta sa aka sassaƙa mata hatimi da sunanta, don allo ba ya karɓar sa hannu. A bazarar nan tsohon ya gyaɗa kai. A ranar Kikue ta fara ɗaure kwanukanta a kwali, tana 'yar waƙa. Na yi mata murna, raina kuma ya ɓaci, don ban san da wa zan riƙa shan shayi ba.

Allon ya zagaya da sunan sabuwar shugaba. Wulan da kanta ta dawo da shi, ina zaune. Hatimi shida, gurbinta babu komai.

"Kin manta naki, 'yata," in ji Kikue.

"Ban manta ba, Kaka." Ta ajiye hatimin a kan allon da hannu biyu. "Takardar izinin zamana za ta ƙare ƙarshen wata. Na nemi ƙari, ba a ba ni ba. Kamfani zai kawo wata."

Ba wadda ta yi kuka. Kikue ta zuba mata shayi, ta tura kwalin gefe da ƙafa.

Sabuwar ta iso makon jiya. Na haɗu da Tsushima wajen shara, na ce wannan karon kada a ja lokaci.

"Ai ba mu san ta ba," ya ce. "A dai ga halinta tukuna."