Daga Dubai zuwa Sir Bu Nu'air a Kan Babur ɗin Ruwa

Fita daga gida

Ƙarfe huɗu da rabi na asubahin ranar Asabar na fito daga gidanmu a International City. Rabi matata ta rako ni bakin tasi da ledar dabino, tana mita.

"Baban Ummi, kai da ko a baho ba ka iya iyo ba, teku za ka shiga?"

Gaskiyarta. Ni Bayawuri ne, a bakin kogi aka yanke mini cibiya, amma Allah bai ba ni iyo ba. Abin da ya fito da ni shi ne ƙauyen kakannina da ke tsallaken kogi. Kasuwa da asibiti duk sai an shiga kwalekwale, kuma babu mai rigar ruwa, wato rigar da ke hana mutum nutsewa. Daminar bara wani kwalekwale ya kife da Inna Kulu, ƙanwar mahaifiyata, ba ta fita ba.

Abokina Bulus, mutumin Kagoro, yana aiki inda ake ba da hayar babur ɗin ruwa. Shi ya kawo shawara mu je tsibirin Sir Bu Nu'air mu dawo, kusan kilomita ɗari kowane ɓangare, mutane su yi alkawarin gudummawa a kan kowace kilomita, a sayi riguna. Wata biyu yana koya mini tuƙi. Idan muka juyo a hanya, rigunan ma sun ragu ke nan.

Gaɓar Umm Suƙaim

Direban tasin, Bafakistane, ya sauke ni ƙarfe biyar da minti biyar a kan dirhami sittin. Da ya ji inda za ni sai ya mayar mini da goma, ya ce in sa a asusun rigunan.

Na yi sallah a masallacin masunta, na tarar da Bulus ya sayo mana shayin karak, dirhami ɗai-ɗai, da burodi da ƙwai. Jirgin da zai bi mu da mai da ruwan sha na wani dattijo ne ɗan Kerala ta Indiya, Abdurrashid. Ya dubi tutar da ke kaɗawa a kan jirginsa, ya dube ni.

"Akwai iska yau, habibi. Shwaiya shwaiya, a bi sannu-sannu."

Masu tsaron gaɓa suka duba takardar izini da katin zamanmu, suka ja igiyoyin rigunanmu su ga ko sun ɗauru. Ƙarfe bakwai saura kwata muka tayar.

Tsakiyar teku

Awa ɗayan farko daɗi kawai. Dogayen benayen Dubai suka yi ta ƙanƙancewa a bayanmu har suka koma kamar tsinken tsire, daga nan suka ɓace. Ina ta yi wa Bulus hon da baki kamar ɗan acaɓa.

A kilomita arba'in ruwa ya sauya fuska. Igiyar ruwa ta riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, wata ta fi ni tsawo. Babur ya hau, ya rataye a iska, ya faɗo tim, sai na ji haƙorana sun haɗu. Gishiri ya cika mini ido. Bulus na ihu daga dama: "Malam Lawal, miƙe tsaye! Lanƙwasa gwiwa!"

Ƙarfe tara da minti ashirin wata ta zo mini ta gefe. Ban san yadda aka yi ba, na ga sama, na ga kore, na ji ina haɗiyar ruwa. Na yi salati a zuci. Ashe rigar ta riga ta ɗago ni kamar gora. Babur ɗina na can yana lilo shi kaɗai, ya mutu da kansa, don makullinsa na ɗaure a hannuna.

Bulus ya kewayo ya kama ni ta wuyan riga, ya ja ni har gefen babur ɗin. Sau uku ina yunƙurin hawa ina zamewa.

Abdurrashid ya matso da jirgi. "Khalas, ya isa haka? Mu koma?"

Wallahi zuciyata ta ce mu koma. Na tambayi Bulus nawa ya rage.

"Arba'in da biyar zuwa tsibiri. In ka ce mu juya, ba wanda zai zarge ka, ɗan'uwa."

Na yi amai, na kurkure baki, na ci dabino uku. Na ce, "Yalla, mu je."

Bulus ya fashe da dariya. "Allah na gode maka! Amma takalminka ɗaya ya riga mu yin gaba."

Sir Bu Nu'air

Mun taɓa ƙasa ƙarfe sha ɗaya da rabi. Tsibirin jajayen duwatsu ne da farin yashi, tsuntsaye ko'ina. Ruwan bakin gaɓa garau, kana ganin kifi a ƙarƙashinka. Masu gadin wurin suka sake duba takardu. Ɗayansu ya kalli ƙafata guda mara takalmi, ya shiga ɗaki ya fito mini da silifa, ya ƙi karɓar komai.

Abdurrashid ya buɗe kula: shinkafa da soyayyen kifi da yaji mai sa hawaye. Bulus ya sunkuyar da kai ya yi addu'arsa, na yi bisimilla, muka ci da hannu har muka ga gindin kula. Aka cika mana tanki, na yi azahar, muka juyo ƙarfe ɗaya saura kwata.

Dawowa

Iska ta koma bayanmu, ruwa ya riƙa tura mu. Wajen ƙarfe uku wasu manyan dabbobin ruwa da ake kira dolfin guda huɗu suka jera da mu, suna tsalle kamar 'yan rakiyar amarya. Ƙarfe huɗu da minti goma Bulus ya nuna gaba: benaye sun ɓullo. Na rera waƙar da ban san na iya ba.

Biyar saura minti biyar muka shigo gaɓa. 'Yan'uwa kusan ashirin na jira, wasu daga Bur Dubai, wasu abokan aikina na masana'anta, har da mutanen cocin su Bulus da kwalaben zoɓo. Na sauka da niyyar ɗaga hannu irin na jarumai, ƙafafuna suka ƙi, na zauna daɓas a yashi.

Ina shiga gida ƙarfe bakwai waya ta yi ƙara. Hajiya mahaifiyata ce daga Yawuri, wani ya nuna mata hoton faɗuwata.

"Lawal! Da girmanka? Da 'yarka?" Ta yi faɗa ta ƙoshi, sannan na ji tana share hanci. "Allah ya yi maka albarka. Ka ce wa yaron nan Bulus, in ya zo gida, akwai kifinsa a wurina."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Bulus, da Abdurrashid, da duk wanda ya sa hannu. Rigunan za su isa ƙauye kafin ruwan fari, in sha Allahu. Ni kuwa kwana uku na yi ina sallah a zaune.